Yadda Inna Ta Shiga Tallan Gida

Ni dai har yau idan tallan gidan haya ya faɗo mini a waya, sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Ba sai na karanta ba. Da na hango hoton falo da farin tayil, an rubuta "unguwa mai natsuwa" a ƙarƙashi, sai in kifa wayar in ja tsaki. Abokan aikina a makarantar 'yan mata inda nake koyar da Larabci sun san halina, har tsokanata suke yi, su turo mini irin waɗannan tallace-tallacen da gangan don su ji abin da zan ce. Ina kuwa faɗa. Ban taɓa iya haɗiye magana ba, kuma ba a kan wannan zan fara koyo ba.

Abin ya samo asali ne daga ranar da aka zo aka shafa wa bangon gidanmu na Tandabawi jan fenti. Duk wanda ya zauna a tsoffin unguwannin Makka ya san ma'anar wannan jan rubutun: za a rushe. Kakanmu ne ya gina gidan, bayan ya taho daga ƙasar Kano da ƙafa, ta Chadi da Sudan, yana ƙodago yana ɗinki a hanya har ya tsallako teku. Inna, mahaifiyata, a goye aka shigo da ita garin nan. A gidan ta girma, a ciki ta haifi Yaya ta haife ni, daga cikinsa aka fitar da gawar mahaifinmu. Mu duka 'yan ƙasar nan ne, da katinmu da komai. Diyyar da za a bayar kuwa magada sun yi mata yawa, kowa ya san ba za ta sayi wani gidan ba. Haya ta kama mu ke nan, ni da Inna, tunda Yaya yana Jidda da iyalinsa, ni kuma tun da aurena ya mutu na dawo gabanta.

Sai dai gidan namu ba wurin kwana ba ne kawai. Ƙofarsa koriya ce, kuma ban tashi na ga an rufe ta da rana ba. Duk wanda ya zo Hajji ko Umara daga ɓangaren su kakanmu, da kwatancen gidan a bakinsa yake sauka daga jirgi. Babu lamba, babu sunan titi. Ce masa ake yi, "In ka je Tandabawi ka tambayi gida mai koriyar ƙofa, ka ce daga wajenmu kake." Ba kwana suke yi ba, kowa na da masaukinsa. Zuwa suke su ci tuwo da miyar kuka bayan cikinsu ya gaji da shinkafa da kaza, su sha kunu, su miƙe ƙafa, su tambayi inda ake samun dabino mai sauƙi. Wata ta zo ta yi kukan kewar 'ya'yanta, Inna ta lallashe ta. Wani ya ɓata, a rako shi wajenmu, don kowa a unguwar ya san inda ake kai Bahaushen da ya rasa hanya. Haka kakarmu ta yi, haka Inna ta gada, kullum a babbar tukunya take ɗora girki ko da mu biyu ne a gidan.

Yaya ya ce ta koma wajensa. Ta dube shi ta ce, "Wa zai neme ni a Jidda?" Daga nan ba a sake tayar da maganar ba. Aka bar ni da neman shigga, wato irin ɗakunan nan da falo na cikin dogayen gine-gine. Dole ta kasance a hawan ƙasa saboda gwiwoyin Inna, kuma kusa da inda za ta sami bas zuwa Harami. Wai ni a tunanina abin na 'yan kwanaki ne.

Tabɗi.

Tallace-tallace ga su nan birjik a waya, kowanne da hotunansa da lambar lasisinsa, tsaf-tsaf. In na buga, muryata ta Makka ce, babu wanda zai ji Larabcina ya ce ba a nan aka yanke mini cibiya ba. Dillali zai yi ta zuba: "Marhaba ya ustaza, shigga tana nan, sabon fenti, maƙwabta mutanen kirki, ki zo yanzu-yanzu." In ɗauki mota in tafi. Da na sauko ya ga hannuna da goshina, sai in ga fuskarsa ta canja, ya soma laluben aljihu. Makulli ya ɓata. Ko kuma mai gidan ya bugo yanzun nan, ƙaninsa zai yi aure yana so. Ko an bayar tun jiya, shi ma bai sani ba. Wani cewa ya yi famfon banɗaki ya fashe, ba zai so in shiga in ɓata abayata ba. Kai, na ga tausayi a wajen dillalan garin nan! Washegari in duba waya, tallan na nan daram ba a sauke ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wani a ofishin dillanci, ya sha turare kamar an yi ɓarin kwalba. Ya karɓi katina, ya juya shi gaba da baya, ya karanta sunan gidanmu, wanda dama shi kaɗai ya isa ya faɗi daga inda kakanni suka fito. Sai ya ce, "Ma sha Allah. Amma asali daga ina?"

Na ce, "Daga Tandabawi."

Ya yi murmushi. "A'a, ina nufin asali-asali."

Na ce, "Asali-asali daga yumɓu, kamar kai."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Na ce masa in mai gidan ba ya son irinmu, ya rubuta a tallan mana, ya hutar da ni zafin rana da cunkoson titi. Wallahi sai ya dafe ƙirji. "A'uzu billahi, ya ustaza! Mu ba ma bambanta Musulmi. Ai ba a rubuta irin wannan yanzu, akwai ƙa'ida, sai a ci mu tara." Ka ji fa. Bai ce ba a yi ba, cewa ya yi ba a rubutawa.

Da muna yara, kwali ake maƙalawa a ƙofar gini, a rubuta wanda ake so da wanda ba a so ƙarara. Mummunan abu ne, ban ce a dawo da shi ba. Amma aƙalla mutum yana karantawa daga tsallaken titi ya wuce abinsa. Yanzu an wanke tallan tas, sai ka shirya ka je har gabansu kafin a gaya maka da ido. Na kira Yaya ina huci, na ce ƙara zan kai. Shi mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, ya bari na gama sannan ya ce, "To Auta, da wace shaida? Ya rubuta miki? Ya faɗa da baki?" Na ce ai na ga fuskarsa. Ya ce ba a kai fuska gaban hukuma. Na kashe wayar don kada in gaya wa babban wana maganar da zan zo ina ba da haƙuri a kanta.

Wata abokiyar aikina, da zuciya ɗaya, ta kawo shawara. Ta ce mijinta ya je ya kama mana da fuskarsa da sunansa, in an ba da makulli sai mu tare. Na kai wa Inna maganar, har na fara ganin hikimarta. Ta ce, "Sannan mu lallaɓa mu shiga kamar ɓarayi? Ranar da mai gida ya gan ni a matakala in ce masa me, aiki na zo yi?" Na ce to shi ke nan, a bar ta. Ana cikin haka unguwa tana ta watsewa. Kullum sai mun ji motar kaya a lungu, maƙwabta suna shigowa sallama. Aka fara cewa za a yanke wuta da ruwa.

Sai Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai gini a nan gefen Tandabawi, inda rusau bai kai ba. Wannan bai damu da launina ba, ko kuma ya iya ɓoyewa. Shiggar tana ƙasa, da ɗan fili a baya na shanya, masallaci na kallonta. Ya ce yana so ya ga wadda za ta zauna, in zo da Hajiya. Don murna har sabon mayafi na saya wa Inna. A mota na yi ta ja mata kunne: ki gaishe shi, ki yi masa addu'a, sauran ki bar mini.

Aka kawo shayi. Suka gaisa, suka taɓa hirar mutanen da, har suka gano wajen mai gasa burodi ɗaya ake aikensu suna yara. Ina ta hamdala a zuci. Can sai ya ajiye kofi ya ce, "Hajja, kuna yawan baƙi?"

Kafin in buɗe baki Inna ta gyara zama. Na ga fuskarta ta washe, na san mun shiga uku. Ita a wajenta dama ce aka ba ta ta nuna ko 'yar gidan waye ita. Ta ce, "Alhamdu lillahi! Baƙi kam Allah ya ba mu. Ƙofarmu ba ta rufuwa. Lokacin mausim, in alhazai suka sauka, sai ka rasa inda za ka taka don takalma. Wata shekarar har a bakin titi ake shimfiɗa tabarma." Ina taka mata ƙafa, tana janyewa tana ci gaba. Har da labarin ranar da aka kawo mana mutanen ƙauye guda da motarsu ta lalace. Dattijon nan yana gyaɗa kai yana "ma sha Allah, ma sha Allah", ni kuwa ina zaune ina kallon shigga tana kuɓuce mana.

Da yamma ya aiko cewa ashe ɗansa ya riga ya yi wa wani alkawari.

Na ce, "Haba Inna! Haba don Allah! Me na gaya miki a mota?"

Ta ce, "To me na faɗa na ƙarya?"

"Ba maganar ƙarya ake ba. Mutumin nan tsoron baƙi yake, ke kuma kin kwaso su duka kin zube masa a falo."

Ta dube ni, da gaske ba ta gane ba. Ta ce, "Tsoron baƙi? A Makka?"

Na shiga kicin na huce a kan tukwane.

A ƙarshe a unguwar Kudai muka samu. Wani dogon gini ne kusa da tashar bas, wanda yawancin shekara fanko yake zama. Shiggar ƙasa babu mai so saboda ƙarar motoci da hayaƙi, shi ya sa ta kawo kanmu. Mai ginin magidanci ne da ya gaje shi wajen ubansa, mai yawan duba agogo. Bai yi mini ƙaryar makulli ba, wannan kam na ba shi. Zaunar da ni ya yi ya faɗi sharuɗansa da baki: ba tara baƙi, ba barin ƙofa a buɗe, ba takalma a waje, kuma kada ƙanshin girki ya hau matakala. Shi dai "wari" ya ce. Ya ƙara da cewa, "Kin gane ai, ku akwai son jama'a." Na ce a sa a cikin yarjejeniyar haya mana. Ya ce ba sai an rubuta ba, magana ce ta mutunci. Na kalle shi, na tuna jan fentin nan da wutar da za a yanke, na ce na amince. Wannan karon a mota na bar Inna, na kunna mata sanyi na ɗaga gilashi.

Da na gaya mata sharuɗan ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ke kika amsa masa, ba ni ba." Amma ta kiyaye, don ta ga yadda na sha wahala.

Ƙofar sabon wurin ta ƙarfe ce, irin mai rufe kanta da kanta. Inna ta sa na ajiye mata kujera a bayanta, a nan take wuni da carbi. In ta ji taku a waje sai ta ɗaga kai, takun ya wuce zuwa lif. Da fari ta ci gaba da girki a babbar tukunya, na yi ta faɗa, firji ya cika, na yi ta jida zuwa makaranta har malamai suka fara gudun jakata. Daga baya ta koma ƙaramar tukunya, kuma wallahi ranar da na ga ƙaramar nan a kan wuta sai na ji gara faɗan da muke yi. Ta rame. Ta daina tambayata labarin waje. Na kai ta asibiti, likita ya ce bai ga komai ba sai shekaru.

Abin da ya fi karya ta wani labari ne da tsohon maƙwabcinmu ya kawo. Ya ce yana wucewa a mota ya hango wani dattijo da matarsa, da jakar Umara a rataye, suna tsaye a filin da gidanmu yake a da, suna yi wa ma'aikata kwatance da hannu. Kafin ya zagayo ya tsallako sun tafi. Ma'aikatan suka ce wai wata koriyar ƙofa suke nema. Inna ta tsare shi da tambaya: dogo ne? Yana da tsaga a fuska? Matar fa, babba ce? Ta yi kwanaki tana laluben ko su waye. Na ce Inna ai yanzu kowa na da waya, za su nemo mu. Ta ce waɗanda suke da lambarmu ba su ne suke ɓata ba.

Sai mausim ya zo. Wata safiya na fito sayen burodi na tarar da manyan motoci a ƙofar gini, ana sauke jakunkuna iri ɗaya. Na ji wata murya ta ce, "Baiwar Allah, riƙe mini wannan in ɗauko ɗayar." Hausa! Ashe mai ginin namu ya sami izinin saukar da alhazai, ya ba masu jigilarsu benayen sama gaba ɗaya, kuma alhazan ba na ko'ina ba ne sai na ƙasar Hausa. Mutumin da ya ce mu akwai son jama'a, ga shi ya cika gininsa da jama'ar tamu tun daga hawa na ɗaya har rufi, gado kusa da gado. Na tsaya riƙe da jakar matar nan ina dariyar takaici.

Ban gaya wa Inna ba, ba sai na gaya mata ba, ta ji da kunnenta. Kafin azahar ƙanshin daddawa ya cika gidan. Na leƙa na ga babbar tukunya ta sauko daga saman kabad, yadda ta sauko da ita da waɗannan gwiwoyin har yau ban sani ba. Na ce, "Inna, sharaɗi fa." Ta ce ita ba ta gayyaci kowa ba, girkinta take yi. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa. Wata mata ce, ta ce don Allah a yi haƙuri, hancinta ne ya kawo ta, tun da ta baro gida rabonta da abincin da ya zauna mata. Inna ta ɗauko turmin ƙarfenta na dakan yaji ta tokare ƙofar da shi.

Daga ranar falonmu bai sake zama fanko ba. Takalma har bakin lif. Da suka dawo daga Muzdalifa da Mina, ƙafafu a kumbure, kowa na tari, Inna ta dinga dama musu kunun tsamiya da citta, tana gaya wa wannan ta jiƙa ƙafa a ruwan gishiri, tana yi wa waccan faɗan yawo a rana. Ta warware kamar ba ita ba, har ta dawo da yi mini ƙorafin ban iya tuƙa tuwo ba. Ni kuwa kullum ina jiran mai gini. Ya kuwa zo. Ya tsaya ya dubi takalman, ya dubi matan da ke zaune har kan matakala da kwanuka a cinya, ya dube ni. Na riga na tanadar masa magana cike da baki. Sai ya ce, "Allah ya ba Hajja lada," ya tsallake takalman ya wuce. Daga baya na ji dalili: alhazan sun gaya wa masu jigilarsu cewa ba su taɓa sauka a gida mai daɗin wannan ba.

Mausim ya wuce, gini ya koma fanko, mai shi ya aiko a tuna mana da maganar ƙofa. Inna ta ɗauke turminta ta koma kan kujera. A cikin watannin nan ne wata tsohuwar maƙwabciyarmu mai sayar da turaren wuta da lalle, wadda iyayenta suka zo ta Chadi, ta rasa wurin zama, takardunta kuwa cikakku. Na ce ta zo, ga shigga a samanmu babu kowa sai tattabaru a taga. Ta je ta sami mai ginin. Ya ce an bayar. Shiggar nan haka ta ci gaba da zama a rufe, ina jin iska na buga tagarta.

Da wani mausim ɗin ya fara matsowa, Yaya ya turo mini wani talla, ya rubuta a ƙasa, "Ki zauna kafin ki buɗe." Wani abokinsa mai harkar alhazai ne ya tura masa. Tallan gininmu ne, da Larabci da Hausa, don masu neman masaukin alhazai. An jero abubuwan da ginin ke da su: lif, tankin ruwa, kusa da tashar bas zuwa Harami. Tsakanin tankin ruwa da tashar bas kuma aka rubuta, "Akwai Hajiya Bahaushiya a hawan ƙasa, tana abincin gida, tana karɓar baƙi." Ga hoto. Ƙofarmu ce a buɗe, turmi ya tokare ta, takalma jibge a gaba. Takalman da mai gini ya ce kada ya gani, su ne ya durƙusa ya ɗauka hoto, har da gyara musu haske.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Innata! Matar da sai da na ɓoye a mota kafin a ba mu wurin kwana, yau an sa ta a layi ɗaya da tankin ruwa. Bai tambaye ta ba, bai tambaye ni ba, ko buhun gari bai taɓa aiko mata da shi ba. Duk shekara mu abin ɓoyewa ne, a rufe ƙofa, a rage wari, mausim na zuwa mun zama adon gini. Na kira Yaya, ya ce, "To Auta, yau dai ga shaida a rubuce. Tallata mutum da ƙofar gidansa ba da izininsa ba, wannan kam ana sauraro." Karon farko ke nan tun da muka fara wahalar nan da na riƙe wani abu a hannu wanda ba fuska ba. Na adana hoton, na zauna na tsara ƙarata da Larabci mai kyau, irin wanda nake koya wa 'ya'yansu.

Sannan na kai wa Inna wayar, tana kan kujerarta a bayan ƙofa. Na ce, "Inna, kin ga abin da mutumin nan ya yi miki?" Na karanta mata, na nuna mata hoton. Ta karɓa ta nisanta shi da idonta, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wannan wa zai gani?"

Na ce, "Kowa! Yawo yake a waya har ƙasar Hausa. Shi ya sa zan kai ƙararsa, ya sauke shi, ya kuma zo nan ya ba ki haƙuri."

"Har can gida ana gani?"

"Har can."

Ta ce in sake karanta mata. Na sake, ina cije haƙora.

Ta ce, "Bai faɗi ko wace Hajiya ba ce."

Na ce, "Saura ma ya faɗa!"

Ta miƙo mini wayar. "Je ki ce ya ƙara. Ya rubuta cewa ita ce ta gida mai koriyar ƙofa na Tandabawi, ta dawo nan."

Na ce haba Inna, mutumin nan fa kasuwanci yake yi da ke. Na tuna mata da mai turaren da ya hana shigga, na tuna mata watannin da ta yi tana kallon bayan ƙofa, na ce mausim na wucewa zai sake aikowa a rufe. Duk ta saurara. Ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce, kuma maganar mai turare tana nan tsakaninsa da Allah. Sannan ta ce, "Auta, mutanen nan da suka tsaya a fili suna tambaya, ke kin nemo mini su?"

Ban nemo su ba, kuma ban san hanyar da zan nemo su ba.

Na sa abayata na tafi ofishin mai gini, ƙarata a shirye a cikin waya, raina kamar ya fashe. Yana ganina ya miƙe ya soma kame-kame, wai wanda ya haɗa masa tallan ne ya yi karambani, yanzu-yanzu zai sa a sauke. Ka ga mutum ya san abin da ya yi. Na bar shi ya gama, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganin gumin da ke goshinsa. Sannan na ce kada ya sauke. Na ce akwai layi ɗaya da za a ƙara, na faɗa masa shi da Hausa, a hankali, yana rubutawa. Ya ɗago yana dubana, yana jiran sauran. Babu saura. Ya ce, "Abshiri ya ustaza, kwantar da hankalinki, an gama," har da rako ni bakin ƙofa.

Na zauna a mota ban tayar ba har sabon tallan ya shigo. Ga lif, ga tankin ruwa, ga Inna da koriyar ƙofarta, ga tashar bas. Na ja masa tsaki mai tsawo. Sannan na buɗe lambobin duk 'yan'uwan da na sani a can gida, na tura musu ɗaya bayan ɗaya da hannuna, na ce don Allah su ma su tura gaba.

Da na dawo na tarar ta sauko da babbar tukunya tana wankewa, mausim kuwa da sauran watanni.